Asalin Kalmar Nan "Wrought"

Masu iya magana sun ce ruwa ba ya tsami banza. Mun daɗe muna jin wannan karin magana, amma ba mu taɓa zaton ta shafi nahawun Ingilishi ba, sai ran da wani yaro ya tsare mu da tambaya a cikin aji.

Ga yadda abin ya faru. Muna koyarwar gwaji a wata makaranta, aka ba mu darasin karatu. A cikin labarin da a ke karantawa an ambaci wata ƙofa ta "wrought iron". Muka gaya wa yara cewa ƙarfe ne wanda maƙeri ya buga, muka yi niyyar wucewa. Sai wani ɗan yaro na layin baya ya ɗaga hannu, ya ce, "Malam, an koya mana 'bought' daga 'buy' ya fito, 'thought' kuwa daga 'think'. To, shi wannan 'wrought' ɗan wa ne?" Muka yi tsit. Kunya ta hana mu faɗin gaskiya, sai muka ce, "Ingilishi ba shi da ƙa'ida. Ka haddace shi yadda ka gan shi." Yaro ya ce to, ya zauna.

Da dare abin ya dame mu ƙwarai, gama mun tuna da zauren da muka yi karatun sarfu. Can ba a taɓa sallamar almajiri da irin wannan amsa. In ka tambayi malam dalilin da ya sa a ke cewa "ƙala" da alif, sai ya ce maka asalinsa "ƙawala" ne, wawun ya motsa, harafin da ya gabace shi yana da fataha, saboda haka aka juya wawun ya zama alif. Watau kowace karkata da ka gani a jikin kalma tana da sanadi. To, ƙaƙa za a ce Larabci kaɗai ke da wannan, Ingilishi kuwa haka nan ya faɗo daga sama? Da gari ya waye muka nufi ɗakin littattafai. Abin da muka samo shi ne mu ke so mu shimfiɗa wa 'yan'uwanmu masu koyon aikin malanta, don kada wani ya faɗa ramin da muka faɗa.

Amsar tambayar yaron gajeriya ce. "Wrought" ɗan "work" ne. Shi ne tsohon malinsa, watau siffar fi'ili ta abin da ya wuce, shi ne kuma ismul maf'ulinsa, kamar yadda mu ke cewa "ƙerarre" ko "dafaffe". Abin da Baturen yau zai ce "worked", kakansa na shekara 600 da suka wuce "wrought" zai ce. Sai dai wannan amsa ba ta kashe ƙishirwa, don mai hankali zai ce, ina "work" ina "wrought"? Kalmar tana da haruffa bakwai, amma sauti uku kaɗai ke fita baki, a kan faɗe ta kamar "rot" da jan wasali. Saboda haka za mu bi haruffan nan ɗaya ɗaya, mu ga abin da ya kawo kowane.

Tun da fari ya kamata mu san inda harshen ya fito. Wajen shekara ta 450 waɗansu ƙabilu, Angil da Sakson da Jut, suka ƙetaro teku daga arewacin Jamus da ƙasar Danmak, suka zauna a tsibirin da a ke kira Ingila da sunan na farkonsu. Harshen da suka zo da shi a ke kira Tsohon Ingilishi, shi aka yi ta yi har wajen shekara ta 1100, shi ne kuma harshen Sarki Alfred wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899. A cikinsa fi'ilin nan "wyrcan" ne, ma'anarsa yin aiki, ko ƙera abu, ko gina shi. Malinsa "worhte", ismul maf'ulinsa "geworht". Harshen nan kuwa yana da 'yan'uwa, kamar Jamusanci, da harsunan Danmak da Norwe, da wani wanda ya mutu, na mutanen da a ke kira Got. Waɗannan 'yan'uwa su ne shaidunmu. A garin Tune na ƙasar Norwe an sami wani dutse da aka yi wa rubutu wajen shekara ta 400, a jikinsa akwai kalmar "worahto", watau "na aikata". Wani limamin Kirista kuma mai suna Wulfila, wanda ya juya Linjila zuwa harshen Got a ƙarni na 4, ya rubuta "waurkjan" da malinsa "waurhta". Ashe dai kalmar da yaron nan ya yi tuntuɓe da ita ta girmi Ingila kanta.

Bari mu fara da harafin ƙarshe, watau "t". Wannan shi ne alamar mali, ɗan'uwan "ed" ɗin nan da kowane yaro ya sani. A dā yawancin fi'ilai su kan sa wasali tsakanin jikin kalma da alamar. Misali, malin "lufian" shi ne "lufode", wanda ya zama "loved". Amma akwai wani ɗan gungu na tsofaffin fi'ilai waɗanda ba su sa wasalin nan, sai alamar ta manne da jikin kalma. A cikin gungun nan akwai "wyrcan" da "worhte", da "bycgan" da "bohte", da "secan" da "sohte", da "bringan" da "brohte". Su ne "buy" da "bought", da "seek" da "sought", da "bring" da "brought" na yau. "Think" da "teach" ma 'yan wannan gida ne. Ku duba, ashe yaron nan ya riga ya hangi dangin kalmar da kansa, mu ne muka rufe masa ido.

Rashin wasalin nan shi ya haifi "gh". A harshen kakannin waɗannan ƙabilu, in "k" ya yi karo da "t" ba wani wasali tsakaninsu, ba ya iya tsayawa, sai ya narke ya zama wani sauti na maƙogwaro. Sautin nan ba baƙonmu ba ne. Duk wanda ya riƙe allo ya san shi, shi ne ha mai ruwa, wanda ke cikin "khamsin" da "khairi" na Larabci. Marubutan Tsohon Ingilishi da "h" su ke rubuta shi. Ba cikin fi'ilai kaɗai abin ya faru ba. Rumawa a harshensu na Latin suna ce wa takwas "octo", Tsohon Ingilishi ya ce "eahta", yau "eight". Suna ce wa dare "noctem", Tsohon Ingilishi ya ce "niht", yau "night". Ƙa'ida ɗaya ce ta ratsa su duka.

Kada wannan ya ba mu mamaki, gama mu ma muna da irinsa. Muna cewa talaka, amma halinsa talauci mu ke ce masa, ba "talakci" ba. Muna cewa haƙori, amma na giwa haure ne. Muna cewa Bugaje, amma ɗayansu Buzu. A ko'ina harafin ya narke ya zama "u" domin ya yi karo da wani baƙi. Wani Bajamushe mai suna Klingenheben shi ya tsara wannan ƙa'ida ta Hausa a rubuce. Abin lura kuma shi ne, kowace ƙa'ida irin wannan tana da zamaninta, in ya wuce sai ta daina cizo. Yau muna faɗin Oktoba da "k" da "t" a manne, ba wanda ya ce "Autoba", alhali kuwa "octo" ɗin nan ne na Rumawa a cikinta, don shi ne wata na takwas a tsohon lissafinsu. Haka nan Bature ya kan faɗi "worked" kamar da "kt" a ƙarshe ba tare da wahala ba, don kalmar ta zo bayan ƙa'idar ta mutu.

To, me ya mai da "h" ya zama "gh"? A shekara ta 1066 Wiliyam, mai mulkin Normandi ta ƙasar Faransa, ya ci Ingila da yaƙi. Faransanci ya zama harshen fada da na shari'a, hanyar rubutu kuma ta sāke a hannun magatakardan da suka saba da shi. Aka yi ta gwada haruffa dabam dabam don sautin nan na maƙogwaro, daga baya aka tsaya a kan "gh". Mawaƙin nan Chaucer, wanda ya rasu a 1400, "wroghte" ya ke rubutawa, yana kuwa furta kowane baƙi da ke ciki. Harafin "u" kuma a wannan zamani ya shigo. In mutum ya ja "o" zai shiga ha mai ruwa, sai ya ji wani ɗan "u" ya kutsa tsakani, marubuta kuwa suka ji shi suka rubuta.

A shekara ta 1476 Caxton ya kafa injin buga littattafai na farko a Ingila, a Westminster. Tun daga nan rubutu ya soma daskarewa, amma baki bai tsaya ba. Kafin ƙarshen ƙarni na 17 mutanen Landan sun yar da sautin maƙogwaron nan. A waɗansu kalmomi ya ɓace sarai, kamar "night" da "wrought". A waɗansu ya juye ya zama "f", kamar "laugh" da "enough". Duka biyun mun san su a gida. Mun karɓi "alkhairi" da "alkhamis" muka sassauta su suka zama alheri da Alhamis, mun karɓi "alkhabar" muka haɗiye harafin ɗungum ya zama labari. Musayar "h" da "f" kuwa, ai ga huɗu da fuɗu. Amma a Sikotlan har yanzu akwai masu cewa "nicht" da "wrocht" da sautin a cike, Jamusawa ma suna cewa "Nacht" da "brachte". Saboda haka "gh" kamar kufai ne. Mutanen gida sun tashi, amma ganuwa tana nan tana shaida cewa an zauna.

Saura wasalin tsakiya. Don me "wyrcan" ke da "y", malinsa "worhte" kuwa ke da "o"? Shaidar harshen Got ita ta warware wannan. Ku dubi "waurkjan", za ku ga "j", wanda su ke faɗi kamar "y" namu na "yaro". A malinsa, "waurhta", babu shi. Asalin wasalin kalmar "u" ne. Inda "j" ya biyo baya, sai ya jawo "u" zuwa gaban baki, ya zama wani sauti da a kan yi da leɓe a zumɓure kamar za a ce "u", harshe kuwa a wurin "i". Shi Tsohon Ingilishi ke rubutawa da "y". Bayan ya gama wannan aiki sai "j" ya ɓace. A cikin mali, inda babu shi, "u" ya sauka ya zama "o". Wannan jan da "i" da "j" ke yi shi ya raba "foot" da "feet", da "man" da "men". Mu ma "i" da "e" ba su bar maƙwabtansu lafiya ba, sai dai mu baƙi su ke taɓawa: mota da motoci, kaza da kaji, ƙasa da ƙasashe.

Yanzu sai "r", wanda shi ya fi ɓad da kamannin kalmar. A "worhte" wasali ne gaba, "r" na biye. A "wrought" kuwa "r" ya tsallake wasalin ya dawo kusa da "w". Malaman Larabci suna kiran irin wannan ƙalbu, su kan ba da misali da "jazaba" da "jabaza", duka biyu ma'anarsu ja. A Hausa muna da bagaruwa da gabaruwa, hawainiya da wahainiya, gauraya da garwaya, bincike da binkice. A Ingilishi "r" ne gwanin wannan tsalle, musamman in "ht" na bayansa, don baƙaƙe uku a jere suna da nauyi a baki. "Beorht" ya zama "bright", "fyrhto" ya zama "fright", "wyrhta" ya zama "wright". A wani wurin kuma baya ya yi tsallen, "brid" ya zama "bird". Akwai wani littafin tarihi da masu ibadar Kirista na Peterborough suka riƙa rubutawa har 1154. A cikin labarin shekara ta 1137, inda a ke faɗin aikin da shugabansu Martin ya yi wa majami'arsu, "wrohte" aka rubuta. Watau a lokacin nan tsallen ya riga ya auku.

Tsallen nan kuwa shi ya jawo wa "w" mutuwa. Da can Turawan Ingila suna furta "w" a cikin "write" da "wrong" da "wrist". A ƙarni na 17 suka daina furta shi duk inda "r" ke biye da shi kai tsaye. A "work" wasali ya raba su, saboda haka "w" ya tsira, muna jinsa har yau. A "wrought" kuwa "r" ya riga ya matso jikinsa, sai annobar ta haɗa da shi. Da "r" ya zauna inda ya ke, da ba a kai ga haka ba. A arewa maso gabashin Sikotlan ba su yar da shi ba, sai suka mai da shi "v", suna cewa "vrocht".

Ga haruffa bakwai ke nan, ba ko ɗaya da ya shigo ba dalili. Amma saiwar kalmar ta wuce nan. A shekara ta 1786 wani alƙali Bature a Kalkata, William Jones, ya bayyana cewa Sanskirit na Indiya da Yunananci da Latin lalle daga tushe ɗaya suka fito. A 1822 kuma Jacob Grimm na Jamus ya nuna yadda baƙaƙe suka sāke bisa tsari a harsunan dangin Jamusanci. Ɗaya daga cikin abin da ya nuna shi ne, inda Latin da Yunananci ke da "g", su suna da "k". Latin na ce wa gwiwa "genu", Ingilishi "knee". Latin na ce wa gona "ager", Ingilishi "acre". To, Yunanawa suna ce wa aiki "ergon", a tsofaffin rubuce-rubucen waɗansu garuruwansu kuwa "wergon" ne. Ku mai da "g" ya zama "k", ga "work" ya fito. Daga "ergon" ɗin nan Ingilishi ya aro "energy", da "surgeon", watau mai aiki da hannu, da sunan nan George, wanda asalin ma'anarsa mai aikin ƙasa, watau manomi.

In haka ne, ina "worked" ya fito, ya kuma kori mai gida? A ƙarni na 15 ya soma bayyana. Dalilinsa ba ɓoyayye ba ne. Duk sāke-sāken nan da muka lissafa sun nisanta "wrought" da "work" har ba mai ganin kama tsakaninsu, ga kuma dubban fi'ilai suna yin malinsu da "ed". Sai mutane suka yi ƙiyasi, suka ce abin da ya yi wa "walk" ya yi wa "work". Ba dare ɗaya aka yi juyin ba. A cikin fassarar Attaura da Linjila da aka buga a 1611 da umurnin Sarki James, "wrought" ya zo sau da yawa a matsayin mali na yau da kullum. Amma sannu a hankali sabon ya rinjaya. Haka ya faru ga waɗansu fi'ilai da dama. Malin "help" dā "holp" ne, na "climb" "clomb", na "reach" kuwa "raught". Ƙiyasi ya share su duka. Waɗanda suka tsira, irin su "bought" da "thought" da "brought", yawan amfani ne ya cece su, gama abin da yaro ke ji kullum a bakin uwarsa ba ya ɓace masa. Wani lokaci ma ƙiyasin ya kan bi ta baya. "Catch" baƙo ne, daga Faransancin Normandi aka aro shi, amma da ya zauna cikin 'yan gida sai ya ɗauki "caught" irin nasu.

Ko da ya ke an kori "wrought" daga kasuwa, ya sami 'yan wuraren fakewa. Na fari shi ne maƙera. "Wrought iron" ƙarfe ne wanda aka aikata, watau aka gasa shi aka yi ta bugu a kan uwar maƙera har ya yi laushin sarrafawa. Sinadarin gawayin da ke cikinsa bai kai kashi 1 cikin 1,000 ba. Kishiyarsa shi ne ƙarfen zubi, wanda a kan narkar a zuba cikin mazubi, mai gawayi kashi 2 zuwa 4 cikin 100. Na zubi ya kan fashe in ya sha guduma, bugaggen kuwa sai ya lanƙwasa. Da irin wannan bugaggen ƙarfe aka gina hasumiyar Eiffel a birnin Faris a 1889, kimanin tan 7,000. Maƙera ba su sāke sunan kayansu don nahawu ya sāke, shi ya sa kalmar ta zauna. Irin wannan ne ya sami "straight". Asalinsa ismul maf'ulin "stretch" ne, watau miƙaƙƙe. Da "stretched" ya zo, sai tsohon ya koma sifa, har an manta ɗan wa ne.

Na biyu, sunayen masu sana'a. "Wright" mai aikatawa ne, kamar yadda mu ke fitar da maƙeri daga ƙira, masaƙi daga saƙa. "Shipwright" mai ƙera jirgin ruwa, "wheelwright" mai yin ƙafar keken doki, "playwright" mai ƙera wasan kwaikwayo. Yara da yawa, har da na Ingila, su kan rubuta na ƙarshen nan kamar daga "write" ya fito, don sautinsu ɗaya, alhali ba su haɗa kome ba. Sana'ar kuma ta zama sunan zuriya. 'Yan'uwan nan biyu na Amurka, Wilbur da Orville Wright, waɗanda suka tashi da jirgin sama mai inji ran 17 ga Disamba 1903, masu ƙera kekuna ne, sunan kakanninsu ya bi su.

Na uku, magana mai nauyi, irin ta wa'azi da waƙa da jarida. Ran 24 ga Mayu 1844 Samuel Morse ya buga saƙon buɗe wayar tangaraho daga Washinton zuwa Baltimo, tafiyar mil 40 ko kusa da haka. Saƙon kalmomi huɗu ne da aka ɗauko daga fassarar nan ta 1611, ta ƙarshensu kuwa ita ce "wrought". Sabon abu ya zo duniya, da tsohuwar kalma aka yi masa maraba.

A nan ne kuma masu harshen da kansu su kan yi tuntuɓe. Akwai wani fi'ili, "wreak", wanda a kan haɗa da "havoc" in ana nufin yin ɓarna. Da ya ke a kan ce "wrought havoc", sai mutane da yawa suka ɗauka "wrought" malin "wreak" ne, kamar "sought" da "seek". Kama da wane ba ta wane. "Wreak" daga "wrecan" ya fito, ma'anarsa kora ko ɗaukar fansa, ɗan'uwan "wretch" ne, watau korarre abin tausayi. Tsohon ismul maf'ulinsa "wroken" ne, malinsa na yau kuwa "wreaked". Shi "wrought havoc" daga "work havoc" ya ke, wanda shi ma ana faɗinsa. Wanda ya ke son tabbatarwa sai ya duba babban ƙamus na Oksfod, wanda James Murray ya shugabanci tsara shi. An fara buga shi a 1884, aka gama a 1928, yana bin kowace kalma da misalan yadda aka rubuta ta ƙarni bayan ƙarni.

Da mako ya kewayo muka koma ajin nan. Muka kira yaron, muka ce masa a gaban 'yan'uwansa amsar da muka ba shi ba daidai ba ce, tambayarsa kuwa ta yi kyau. Muka rubuta "seek" da "sought", "buy" da "bought", "work" da "wrought" a jere bisa allo, muka sa suka faɗe su da ha mai ruwa yadda mutanen dā ke yi. Aji ya kaure da dariya, amma tun daga ran nan ba wanda ya sāke mance "gh" a cikin waɗannan kalmomi, don yanzu sun san abin da ya ke tsaye a madadinsa.

Abin da mu ke roƙon 'yan'uwanmu shi ne abu biyu. Na ɗaya, kada mu ƙara gaya wa yaro cewa Ingilishi ba shi da ƙa'ida. Abin da mu ke kira karkatacce, galibi ƙa'idar jiya ce wadda ta yau ta tarar. Yaron da aka gaya wa babu dalili, ya kan daina neman dalili, wannan hasara kuwa ta fi ta kalma ɗaya. Na biyu, in yaro ya rubuta "buyed" ko "teached", mu gyara masa, don ba haka a ke faɗi ba, kuma mai jarrabawa ba zai yafe masa ba. Amma kada mu kira shi daƙiƙi. Ƙiyasi ya yi, irin wanda mutanen Ingila suka yi shekara 500 da suka wuce har suka sami "worked". Bambancinsu da shi, su suna da yawa, shi kuwa shi kaɗai ne.

In kuwa an tambaye mu abin da ba mu kai gare shi ba, mu ce a ba mu kwana biyu mu duba. Matambayi ba ya ɓata, malamin da ya koma ga littafi kuma girmansa bai ragu ba. Iyakar abin da ya sawwaƙa ke nan. Wasalam.